Idan Fotal Ya Shaƙe: Jagorar Kula da Memori a Saba ga Masu Gina Shafukan Makarantu a Daura

Tun daga 2019 Daura ta ƙara zama garin ɗalibai. A shekarar ce aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, a watan Disamba kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Ga Kwalejin Yusufu Bala Usman da ta riga su, ga sakandaren kuɗi da Islamiyyu birjik a cikin gari da sauran ƙananan hukumomin masarautar, wato Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango. Duk uban da ya taɓa cike wa ɗansa fom ɗin JAMB ko ya biya kuɗi ta Remita, to yana sa ran ƙaramar makarantar unguwarsu ma ta riƙa ba shi sakamako a waya. Shi ya sa masu makarantu suka shiga neman matasan da za su gina musu fotal, kuma akasarin abin da ake ginawa da PHP da MySQL ne, don su ake samu a hayar saba mai rahusa.

Gina fotal ɗin ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce ranar da kowa ya zo a lokaci guda: ranar rufe rajista, ko ranar sakin sakamako. A ranar ne shafi kan koma fari fat, ko ya yi ta juyawa har mutum ya gaji. Mai gina shafin yana gari, zai iya cewa a dakata zuwa gobe. Amma yaron da ya biya kuɗin mota daga Baure ya zo kafe a Daura, ya biya mai kafe, ya zauna har la'asar, shi asararsa ta tabbata. Saboda shi nake ganin wannan batu ya wuce na ƙwarewa kawai, akwai amana a ciki.

Mafi yawan irin wannan shaƙewa daga memori take. Maganin da aka fi saurin yi shi ne a ɗaga iyakar memorin, a wuce wurin. Ni kuwa shawarata ita ce wannan ya zama abu na ƙarshe da za ka taɓa, bayan ka karanta, ka auna, ka gyara.

Wane memori ake nufi

Ba wurin ajiyar fayiloli ba ne, wanda kamfanin haya ke tallatawa da gigabait 10 ko 20. Ana nufin RAM, inda manhaja ke ɗora abin da take aiki a kansa yanzu-yanzu. Rumbun bayanai kamar rumbun hatsi ne, RAM kuma faifai ne. Uwar gida ba ta juye rumbu a faifai, takan ɗebo abin da zai ɗauka, ta sheƙe, ta juye, ta sake ɗebowa. Kusan duk gyaran da zan kawo a ƙasa a kan wannan tsari yake.

Duk lokacin da wani ya buɗe shafi, PHP yana fara aiki daga farko, ya tara abin da yake buƙata, ya mayar da amsa, sannan ya saki memorin gaba ɗaya. Yana da iyaka da ake kira memory_limit, wadda asalinta 128M ce. Ka riƙe wannan da kyau: iyakar ta buƙata guda ce, ba ta shafin baki ɗaya ba. Mutum goma suka buɗe shafi tare, kowannensu yana da ikon kai wa 128M nasa. Daga nan matsaloli biyu suka rabu. Akwai buƙata guda da ta yi ƙiba har ta fasa iyakarta, akwai kuma buƙatu masu matsakaicin nauyi da suka taru suka cinye RAM ɗin sabar. Maganin ta farko in aka yi shi da garaje, shi ke haifar da ta biyu.

Fara da abin da sabar ta rubuta

Farin shafi ba ya gaya maka komai, kuma daidai ne kada ya faɗa, don bai kamata iyaye da ɗalibai su riƙa ganin sunayen fayilolinka ba. Ka bar display_errors a kashe, ka kunna log_errors, sannan ka san inda rajistar kurakuran take. A hayar cPanel galibi za ka tarar da fayil mai suna error_log a cikin babban fayil ɗin da sikirif ɗin yake. Idan Laravel kake amfani da shi, duba storage/logs. A WordPress kuma sai ka kunna WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG, ka karanta debug.log a cikin wp-content.

Saƙon da ka fi yiwuwar gani shi ne wanda ya fara da "Allowed memory size of 134217728 bytes exhausted". Wannan doguwar lamba 128M ce aka rubuta da bait, wato 128 sau 1024 sau 1024. PHP ne da kansa ya tsayar da sikirif ɗin. Bayan lambar akwai wata, wadda ke nuna adadin da ya nemi ƙarawa lokacin da ya faɗi, kuma ita ce ta fi amfani. Idan babba ce, miliyoyin bait a karo ɗaya, to galibi abu guda ne mai nauyi: hoto, ko fayil da aka karanta dungurungum. Idan ƙarama ce, 'yan dubbai, to tarawa aka yi ta yi kaɗan-kaɗan cikin madauki har wuri ya cika. A irin wannan hali layin da saƙon ya ambata ba lallai shi ne mai laifi ba, shi dai aka yi rashin sa'a a kansa. Ka koma sama ka nemi abin da ke ta girma.

Saƙo na biyu yana farawa da "Out of memory". Wannan daban ne. PHP bai kai iyakarsa ba, na'urar ce ta ce babu abin da za ta ba shi. Ɗaga memory_limit a nan ba ya tsinana komai. A hayar haɗaka, inda shafuka ɗaruruwa ke zaune a saba ɗaya, kamfanoni da yawa suna amfani da CloudLinux, wanda ke yanka wa kowane asusu kasonsa na RAM da adadin buƙatun da zai ɗauka a lokaci guda. Ko ka rubuta 1024M a saitinka, kason asusunka ne ke da magana ta ƙarshe. Shiga sashen da ke nuna amfani da albarkatu a cPanel, za ka ga sa'o'in da ka bugi iyaka. Kuskure mai lamba 508 alama ce ta cewa buƙatun da suka shigo tare sun wuce adadin da aka ba ka.

Yanayi na uku ba ya barin saƙo a rajistar PHP ko kaɗan, kuma masu VPS ya fi samu. Idan RAM ya ƙare ƙaf, Linux yakan zaɓi manhaja guda ya kashe ta don ya tsira, kuma yakan fi zaɓar wadda ta fi cin wuri. A ƙaramar saba wannan sau da yawa MySQL ce. Sai ka wayi gari shafi yana cewa ya kasa haɗuwa da rumbun bayanai, ka sake tayar da MySQL, komai ya dawo daidai, ka ɗauka ita ce mai matsala. Alhali PHP ne ya cinye wurin, ita aka kashe. Ka rubuta dmesg -T ko journalctl -k, ka nemi layin da ke ɗauke da "Killed process". In ka gan shi, ka san inda za ka dosa.

Auna kafin ka taɓa komai

PHP ya ba ka ma'auni biyu kyauta: memory_get_usage() na faɗin abin da ake riƙe da shi a daidai wannan layi, memory_get_peak_usage() kuma na faɗin ƙololuwar da aka kai tun farkon buƙatar. Abin da nake ba kowa shawara shi ne ya sa layi ɗaya a ƙarshen kowace buƙata, wanda zai rubuta adireshin shafin da ƙololuwarsa a wani fayil. Ka bar shi ya yi mako guda makaranta na aiki, sannan ka jera sakamakon daga babba zuwa ƙarami. Yawanci za ka ga shafuka ƙalilan ne suka yi wa sauran nisa. Su ne aikinka, sauran ka ƙyale su.

Idan ka gano shafin, sai ka dasa memory_get_usage() kafin da bayan kowane babban mataki: bayan tambayar rumbu, bayan madauki, bayan haɗa fayil. Inda lamba ta yi tsalle, nan ne. Daga PHP 8.2 na 2022 akwai memory_reset_peak_usage(), da ke ba ka damar auna ƙololuwar kowane sashe shi kaɗai. Xdebug na iya ba da bayani mai zurfi, amma a kwamfutarka za ka kunna shi, kada a sabar da jama'a ke amfani da ita, don yana rage gudu sosai.

Kuma ka duba wane PHP kake kai. PHP 7 da ya fito a Disamban 2015 ya sake fasalin yadda ake ajiye bayanai a ciki, ya rage cin memori ƙwarai idan aka kwatanta da PHP 5. Idan ka gaji tsohon fotal da har yanzu ke kan 5.6, matsar da shi zuwa na 8 gyara ne babba, ga kuma tsaro, tunda an daɗe da daina yi wa tsohon faci.

Jerin ɗalibai

Babban mai laifi shi ne ɗabi'ar kwaso komai. An rubuta SELECT * a kan teburin maki, an bi shi da fetchAll(), duk layukan sun hau RAM kafin a taɓa ko ɗaya. A zangon farko na shekarar farko, lokacin da layukan ba su wuce dubu biyu ba, babu wanda zai lura. Bayan shekara uku, teburin ya tara makin kowane zango na kowane aji, sai shafin da bai taɓa ba da matsala ba ya faɗi, ba tare da an canja harafi ɗaya a cikinsa ba.

Gyaran mataki-mataki ne. Ka ambaci ginshiƙan da kake so da sunansu maimakon tauraro, musamman idan wani ya ajiye hotunan ɗalibai a cikin teburin, abin da bai kamata ba tun farko: hoto a fayil yake zama, rumbu ya riƙe sunansa kawai. Lissafi kuma ka bar wa MySQL. Idan jimilla ko matsakaici kake nema, SUM da AVG da COUNT da GROUP BY za su dawo maka da layi arba'in maimakon dubu hamsin. Shafin da ke nuna jerin sunaye a raba shi, hamsin-hamsin.

Akwai wani tarko da ya kamata ka sani. Ko ka bar fetchAll() ka koma ɗaukar layi ɗaya-ɗaya da fetch(), a tsarin asali PHP ya riga ya kwaso dukkan sakamakon daga MySQL ya ajiye a gefensa, kuma da direban mysqlnd wannan ajiya tana shiga lissafin memory_limit. Za ka iya kashe wannan da PDO::MYSQL_ATTR_USE_BUFFERED_QUERY, ko MYSQLI_USE_RESULT idan mysqli kake amfani da shi. Sharaɗinsa shi ne ba za ka iya aika wata tambaya ta wannan haɗin ba sai ka gama karanta ta farko. Saboda haka na fi son ɗebowa kashi-kashi da lambar layi:

SELECT id, suna, aji FROM dalibai WHERE id > :na_karshe ORDER BY id LIMIT 500

Ka yi aiki a kan ɗari biyar ɗin, ka riƙe lambar na ƙarshe, ka sake tambaya, har ta dawo babu komai. A Laravel chunkById() ke yin wannan, akwai kuma lazy(). Idan kana son madaukinka ya kasance a tsabtace, yield da ya shigo tun PHP 5.5 a 2013 zai ba ka damar miƙa layi ɗaya-ɗaya ba tare da tara su ba. Sai dai ka kula: duk wannan ya tashi a banza idan a cikin madaukin kana cusa kowane layi a wani babban jeri don amfani daga baya.

Babbar takardar maki da katin sakamako

Kowane shugaban makaranta yana son maɓallin da zai danna ya sauke makin makaranta baki ɗaya a Excel. Laburaren da aka fi amfani da shi, PhpSpreadsheet, yana gina takardar gaba ɗaya a RAM kafin ya rubuta ta, kuma bayanin masu shi ya ce kowane gurbi na cin kimanin kilobait 1.6 a PHP mai bit 64. Mu yi lissafi da misali. Makaranta mai ɗalibai 1,500, darussa 12, kowane darasi da gurbi 4: gwaji na ɗaya, na biyu, jarrabawa, da jimilla. Gurbi 72,000 ke nan, wato sama da megabait 110, tun ba a sa sunaye da lambobi da ado ba, kuma tun ba a lissafa bayanan da aka kwaso daga rumbu ba. Ba zai shiga 128M ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce CSV. Ka buɗe php://output, ka riƙa rubuta layi-layi da fputcsv() yayin da kake ɗebowa. Memorin da zai ci kusan ɗaya ne ko ɗalibai ɗari ne ko dubu goma, kuma Excel yana buɗe shi. Abu guda da ya shafe mu: sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ kan rikice a Excel idan ba ka fara fayil ɗin da alamar BOM ta UTF-8 ba, don haka ka sa ta. Idan lallai sai xlsx, OpenSpout na rubuta shi layi-layi. Idan kuma shugaban yana son launi da iyakoki, to a ba shi aji-aji, wanda dama shi ne abin da malamin aji ke buƙata.

Katin sakamako na PDF ma haka. Dompdf da mPDF suna da daɗin aiki saboda daga HTML suke ginawa, amma suna da ci. Haɗa katin makaranta duka a fayil ɗaya, kowanne da hoton ɗalibi da tambarin makaranta, neman faɗuwa ne. A yi na kowane ɗalibi daban, a ajiye shi, duk wanda ya zo nema a miƙa masa ajiyayyen da readfile(), wanda ke turawa kaɗan-kaɗan, maimakon a sake gina shi duk lokacin da uba ya danna. Tambarin ma a rage girmansa sau ɗaya tun farko.

Hoton fasfo

Nan ne lissafi ya fi yaudarar mutane. Ɗalibi ya ɗauki hoto da Tecno ko Infinix, fayil ɗin megabait 3 ne, iyakar lodawa ta yarda da shi. Amma JPEG a matse yake. Da zarar laburaren hotuna na GD ya buɗe shi don ragewa, kowane ɗigo na cin aƙalla bait 4. Hoto mai faɗin 4000 da tsayin 3000 ɗigo miliyan 12 ne, kusan megabait 48. Idan sikirif ɗin ya juya shi don ya miƙe tsaye, an yi kwafi na biyu, an doshi 100. Wayoyin da ke iya ɗaukar megafiksel 50 kuwa, cikakken hotonsu guda zai nemi wajen megabait 200.

Ka fara da getimagesize(), wanda ke karanta faɗi da tsayi ba tare da buɗe hoton duka ba. Ka ninka su, in sun wuce abin da za ka iya ɗauka, ka mayar wa mutum da saƙo cikin Hausa mai sauƙi cewa ya rage hoton. Abin da ya fi wannan shi ne a rage shi a cikin burauzar wayar da JavaScript kafin ya taso. Fasfo bai buƙatar wuce ɗigo 600 a tsaye. Ribar biyu ce: sabarka ta huta, mai lodawa daga ƙauyen da sabis ke rawa a bakin iyaka ya tura kilobait kaɗan maimakon megabait uku, datarsa ta yi saura. Amma ko ka yi haka kada ka cire binciken da ke saba, don ba kowace buƙata ke biyowa ta fom ɗinka ba.

Idan kana sarrafa hotuna da yawa a madauki, ka saki kowanne da unset() kafin ka buɗe na gaba. Tun PHP 8.0 imagedestroy() ba ya yin komai. Masu komawa Imagick kuma su sani cewa memorin da yake ci ba ya shiga lissafin memory_limit. Saƙon kuskure zai ɓace, cin RAM ɗin yana nan, sai dai a iyakance shi a policy.xml na ImageMagick.

Lissafin ranar cunkoso

Wannan sashe na mai VPS ne, kuma shi ne dalilin da na ce a yi hattara da ɗaga iyaka. PHP-FPM yana ajiye ma'aikata, kowanne na ɗaukar buƙata ɗaya a lokaci guda, kuma pm.max_children ne ke faɗin iyakar yawansu. A Ubuntu asalinsa 5 ne, wanda ya yi kaɗan ga ranar sakamako, don haka mutane kan mayar da shi 50 ba tare da lissafi ba.

Ga yadda ake yi. A ce sabar na da gigabait 2. Ka ware wa Linux da Nginx kamar megabait 300, MySQL kamar 600, saura wajen 1,100. Ka duba da top ko ps nawa ma'aikaci ɗaya ke ci lokacin aiki na gaske. In 60 ne, ka raba: 18. To kada ka wuce nan, gara ma ka tsaya a 15. Waɗannan lambobi misali ne, naka za ka auna. Yanzu ka duba abin da zai faru idan ka sa memory_limit a 512M da ma'aikata 20: ka yi alƙawarin gigabait 10 a na'ura mai 2. Muddin shafuka masu nauyi ba su haɗu ba, lafiya lau. Ranar da malamai huɗu suka danna sauke maki tare, MySQL ce za ta tafi, kuma kowa ya tafi da ita, har da mai duba sakamakon ɗansa kawai.

Gara jiran layi da faɗuwa. Idan ma'aikata sun cika, sabbin buƙatu na jira 'yan daƙiƙoƙi, FPM kuma zai rubuta a rajistarsa cewa an kai pm.max_children. Wannan saƙo ba umarni ba ne na a ƙara. Sau da yawa ma'anarsa shafukan na daɗewa, kuma fihirisa guda a kan ginshiƙin lambar ɗalibi na iya sa ma'aikaci ya gama cikin ƙiftawar ido ya karɓi na gaba. Ka tabbata OPcache a kunne yake. Ka sa pm.max_requests a kamar 500, don kowane ma'aikaci ya sabunta bayan ya yi wannan adadi. Ka kuma yi fayil ɗin swap na gigabait 1, ba don ya maye gurbin RAM ba, sai don ya ba ka lokaci kafin a kashe wani abu. In kana duba free -h, ginshiƙin available za ka kalla, don Linux na aron RAM da ba a amfani da shi ya mayar idan an nema.

Yanayin sabis ɗinmu ma yana da hannu. A tsohon tsarin Apache da mod_php, mai raunin sabis yana riƙe ma'aikaci guda da duk memorinsa har sai ya gama lodawa ko saukewa. Nginx a gaba yana karɓar kayan ya tara, sai ya kammala ya miƙa wa PHP, ya kuma karɓi amsa ya saki ma'aikacin. Sannan idan shafi ya yi jinkiri, mutum kan yi ta danna sabuntawa, PHP kuwa ba ya gane an tafi sai ya zo tura amsa, don haka mutum ɗaya ya zama biyar. Ka kashe maɓalli da zarar an danna shi, ka nuna rubutu cewa ana aiki, a jira.

Sikirif ɗin da ba ya mutuwa

Abin da na faɗa cewa PHP na sakin komai a ƙarshen buƙata bai shafi aikin da ke gudana a bayan fage ba, kamar mai tura wa iyaye saƙon tes ko ma'aikacin layi na Laravel. Waɗannan suna raye sa'o'i, kuma duk abin da suka tara yana nan. A Ubuntu ma PHP na layin umarni ba shi da iyaka, an sa masa -1. Ka ba shi iyaka da kanka, ka yi amfani da --memory da --max-jobs a queue:work, Supervisor ya riƙa tayar da shi. Ka tabbata ba a bar rajistar tambayoyin rumbu a kunne ba, irin SAVEQUERIES na WordPress. Aikin cron kuma a sa masa makulli da flock, kada na ƙarfe biyu ya tarar da na ƙarfe ɗaya bai gama ba su taru. Masu Node.js su wannan ne halinsu kullum, tunda manhajar ba ta mutuwa tsakanin buƙatu, shi ya sa PM2 ke da max_memory_restart, Gunicorn na Python kuma ke da max_requests. Sake tayarwa kariya ce, neman abin da ke tarawa yana nan a kanka.

Yaushe ɗaga iyaka ya dace

Yana dacewa idan ka auna, ka gyara, aikin kuma da gaske yana buƙatar wurin. WordPress yana neman 40M ne a asali ga shafukan gaba, 256M ga sashen gudanarwa, kuma shafi mai ƙarin manhajoji da yawa na iya buƙatar a ɗaga WP_MEMORY_LIMIT. A naka fotal ɗin, ka ɗaga wa sikirif ɗin da ke buƙata shi kaɗai da ini_set a samansa, sauran su zauna a 128M. Kada ka taɓa sa -1 a shafin da jama'a ke shiga. Sayen babbar saba ma hanya ce, amma akasarin hayar VPS ta waje da dala ake biya, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya ga yadda lissafin ya koma. Kuɗin daga aljihun makaranta zai fito duk wata, daga nan ya koma kan iyaye. Gyaran yini biyu da zai hana wannan ya cancanci a yi shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin zango ya ƙare, ka yi kwafin fotal ɗin, ka cika shi da bayanan gwaji da Faker har ninki uku na ɗaliban da ake da su, ka sa iyakar memorin kwamfutarka daidai da ta sabar, don sau da yawa ta kwamfutar ta fi girma. Sannan ka buga masa ab -n 200 -c 20, wato buƙatu 200, ashirin-ashirin a tare, kana kallon RAM. A kan kwafin za ka yi, ba a hayar haɗaka da kuke rabawa da wasu ba, kuma kada ka yi gwaji da sunayen 'ya'yan mutane na gaskiya.

Sauran aikin a ofishin shugaban makaranta yake. Ka zauna da shi ku raba ranakun: 'yan ƙaramar sakandare Asabar, 'yan babba Lahadi, kuma a gina katunan sakamako cikin dare kafin a sanar. Ka roƙi malamai su sauke manyan takardu kafin ranar ko bayanta. Ka rubuta masa a takarda ɗaya nawa RAM ɗin sabar yake, mutum nawa take ɗauka a tare bisa gwajinka, ina rajistar kurakurai take, da adadin ɗaliban da in makaranta ta kai, sai an sake zama an yi lissafi.